Ganyen Ɓerayen Saratu

Yakubu, Hannatu, Dauda, akwai wani labari da kuka tashi da shi a gidanmu wanda ba gaskiya ba ne, kuma daga bakina ya fito. Duk lokacin da aka tuna da yayarku Saratu, sai wani a cikinku ya ce ai har ɓeranta na Masar zafin bazara ya kashe. Na sha jin ku kuna faɗa wa 'ya'yanku haka, ina zaune ina ji, ban gyara ba. Mahaifiyarku Maryamu ta san gaskiyar, ta kuma tafi kabarinta da ita don ta rufa mini asiri. Yanzu idona ya yi rauni, hannuna yana rawa in na riƙe biro, ba na so in bi ta ban faɗa muku ba.

A lokacin muna haya a unguwar Fezzan, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, a ɓangaren gidan wani dattijon Kanuri mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Baga Road. Matarsa, Ya Falmata, ita ce ta riƙe mu kamar dangi tun ranar da muka sauke kayanmu daga kudancin Borno. Ni ina koyar da kimiyya da lissafi a firamare. Saratu tana da shekara goma sha biyu, amma wanda bai sani ba zai ce takwas ce, domin sikila ta hana ta girma. A zango ɗaya na karatu, in ta je makaranta mako biyar mun gode wa Allah. Sauran kwanakin a kan tabarma take yin su a bakin ƙofa, tana kallon ku kuna tsalle-tsalle. Ba ta ƙorafi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan game da ita, ko ciwo ya kama ƙasusuwanta sai dai ta ciji gefen zane ta yi shiru.

Akwai wata nas a cocinmu, Sista Naomi, wadda ta saba da Saratu saboda yawan kwanciyarta a asibiti. Wata Lahadi bayan sujada ta zo gidanmu da kwali a hannu, ta ajiye a gaban yarinyar. A ciki akwai ɓerayen Masar biyu, ɗaya mai ruwan toka, ɗaya fara mai ɗigon ja a kunne, ba su da wutsiya, sun maƙale a kusurwa suna rawar jiki. Ta durƙusa ta ce mata:

"Saratu, ke ma yau kin samu marasa ƙarfin da za ki kula da su. Amma ki ji da kyau, waɗannan ba kaji ba ne. Akwai wani sinadari da jikinsu ba ya iya yi da kansa, sai sun ci shi a ɗanyen ganye. Kullum ɗanyen ganye, kullum busasshiyar ciyawa, kullum ruwa mai tsabta. In kika tsallake, ba za su nuna miki da wuri ba, sai abu ya yi nisa."

Ina tsaye a wurin. Da kunnena na ji.

Saratu ta sa wa namijin suna Hakimi, saboda yadda yake zama ya baje kamar mai jiran gaisuwa, macen kuma Lami. Na haɗa musu akurki da katakon akwatin shayi da waya, muka ajiye a inuwar darbejiyar tsakar gida. Daga ranar Saratu ta zama wata yarinya daban. Da sassafe za ta wanke alayyahu ko ganyen dankali, ta shanya a faifai a inuwa har ruwan ya tsane, domin ta lura jiƙaƙƙen ganye yana sa su zawo. Ciyawar busasshiya kuwa ba ta bari ta ƙare a akurkin, ta ce haƙoransu ba sa daina tsiro, sai da tauna suke gogewa. In aka sayo gwaiba ko lemo, ɗan ƙaramin yanki take ba su, ta ce zaƙi da yawa ba ya yi musu kyau. Dauda, kai ba za ka tuna ba, amma wata rana ka tura musu ƙosai ta ramin waya, ta kama hannunka ta yi maka wa'azi kamar fasto, cewa ba mai, ba gishiri, ba albasa, ba ragowar tuwo. Da sun ji motsin faifanta sai su ɗaga kai su kama fito, wani siririn kuka kamar na usur, har Ya Falmata takan leƙo ta katanga ta ce 'yan makarantar Saratu sun fara karatu.

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi rowa, kogin Ngadda bai kawo ruwa ba, lambunan bakinsa suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Kafin bazara, ɗanyen ganye ya zama abin da sai mai sammako yake gani a kasuwa. Mahaifiyarku ce take fita da duku-duku ta samo ɗan abin miya, ta ware wa Saratu nata. A tsakiyar wannan zafin ne ciwon ya tasar wa yarinyar, irin tashin da ba mu taɓa gani ba. Idonta ya yi ɗorawa, ƙirjinta ya riƙe, aka kwantar da ita, aka ce sai an ƙara mata jini. Maryamu ta tare a asibiti wurin jinya, ku uku na kai ku gidan ƙanwata, gida ya rage daga ni sai ɓerayen.

Ranar da aka kwantar da ita, bayan allura ta ɗan lafa mata, ta jawo hannuna ta sa mini wata takarda da ta yago daga littafinta. Ta rubuta komai a kai, da irin rubutunta mai kwanciya.

"Baba, Lami na da ciki. Ita ta fi buƙatar ganyen. Don Allah kada ka tsallake ko rana ɗaya."

Na ce mata, "Ki kwantar da hankalinki, ki ji da jikinki. Na ɗauka."

Kwana uku na cika alkawari. A rana ta huɗu na isa kasuwa a makare, na zagaya ban samu ko ƙulli ɗaya ba. Wata mai sayar da kayan miya ta ce mini yanzu sai dai ƙauyen Dusuman a bayan gari, can ne masu lambu suka haƙa rijiyoyi suke ban ruwa, in ina so kullum in je can da kaina. Na tsaya riƙe da keke, na dubi ranar da ta riga ta fara ƙuna, na tuna ajina, na tuna abincin da zan kai asibiti, na tuna tarin takardun jarrabawar da ke jirana. Na koma gida. A zaure akwai buhun dusar da mai gida yake ba ragonsa. Na ɗebo, na haɗa da gero, na zuba musu, suka kuwa ci. Na tsaya ina kallonsu suna ci, na ce a raina: ni nake koyar da kimiyya, ɓera ai ɓera ne, wanne ne ya taɓa mutuwa a kan hatsi?

Ina so ku fahimci wannan wurin da kyau, domin nan ne laifin yake. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma rashin hali ba ne. Gajiya tana ciki, ban musa ba, amma abin da ya fi yawa shi ne na raina maganar yarinya. Na ga kamar dokokinta wasan yara ne da aka ƙirƙiro don a ɗebe mata kewa. Da na ce wa Ya Falmata ta taimaka, da ta tsinko musu ko zogalen bayan ɗakinta ne. Ban tambaya ba, saboda ban ga abin ya kai a tambaya ba. Takardar kuwa na sa ta cikin Littafi Mai Tsarki na rufe.

Kullum da yamma in na shiga ɗakin jinya, kafin ta amsa gaisuwata sai ta tambaya:

"Baba, me suka ci yau?"

"Alayyahu da ɗan karas."

"Ka bari ya tsane?"

"Na bari."

"Sun yi fito da suka gan ka?"

"Har maƙwabta sai da suka ji."

Sai ta yi murmushi ta lumshe ido. Ina ganin murmushin nan sai in ce wa kaina ai magani nake ba ta. Da haka ƙaryar ta yi mini sauƙi, har na fara ƙara mata gishiri, yau in ce kabeji, gobe in ce ganyen dankali. Alhali a gida fiton ya ragu, ya ragu, har ya ɗauke. Gashinsu ya tashi ya yi buzu-buzu. A mako na uku Ya Falmata ta tare ni ina jingine keke, ta ce da irin Hausarta mai nauyin Kanuri:

"Malam, abin yarinyar nan ba ya tafiya daidai. Ƙafa yake ja. Me kana ba shi?"

Na ce mata zafi ne, kowa ma ja yake yi. Ta dube ni, ta dubi kwanon dusar, ta wuce.

A mako na huɗu na dawo daga makaranta da azahar na tarar da Lami a kwance a gefe, cikinta a kumbure, bakinta da ɗan jini. Ta riga ta sandare. Hakimi yana kusurwa, ya kasa tashi. Na haƙa rami a gindin darbejiya na binne ta da 'ya'yan da ke cikinta. Na wanke hannu na ɗauki kwanon abinci na tafi asibiti. A barandar ɗakin jinya na kira mahaifiyarku gefe na faɗa mata komai, har da dusar. Da na gama, sai ta ce:

"Baban Saratu, shiga ka faɗa mata yadda ka faɗa mini."

"A wannan halin da take ciki? Bari ta fito. Zan ce zafi ne."

"Yarinyar nan ba ta da ƙarfin jiki, amma ba wawuya ba ce. Ni dai ba zan yi mata ƙarya ba. Ba kuma zan tona ka a gaban 'ya'yanka ba. Kayanka ne, ka ɗauka."

Na shiga. Saratu ta tambaye ni me suka ci. Na ce alayyahu.

A daren farko bayan mutuwar Lami ne ya kamata in nemo ganye ko daga ina, amma kunya da taurin kai suka haɗu suka ɗaure ni. Na ɗan tsinko ciyawar da ta tsiro a bakin famfon makaranta na kawo wa Hakimi, ya shinshina ya kasa tauna. Bayan kwana shida aka sallami Saratu. A bayana na goyo ta daga bakin titi zuwa gida, ku kuma an dawo da ku kuna ta murna. Ba ta yarda an shigar da ita ɗaki ba, ta ce a sauke ta a gindin darbejiya. Ta leƙa akurkin. Na yi sauri na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Lami ta mutu, Saratu. Zafin bana ya yi yawa, ga ciki. Ba yadda ban yi ba."

Hannatu, ke kika fara kuka. Saratu ba ta yi ba. Ta sa hannu ta ɗauko Hakimi ta ɗora a cinya, ta shafa ƙafafunsa da suka kumbura a gaɓoɓi, ya yi ƙara. Ta ɗaga leɓensa da ɗan yatsa, ta ga dasashin ya yi jawur jini yana tsattsafowa. Sannan ta dubi kwanon da ban ko yi dabarar ɓoyewa ba. Ta ɗago ta dube ni, ta dube ku kuna tsaye kewaye da ita, sai ta ce:

"Haka ne, zafin bana ya yi yawa."

Washegari da safe, kun tafi makaranta, mahaifiyarku tana wanki a bayan ɗaki, ina ɗaure igiyar takalmi, Saratu ta kira ni a hankali. Tana zaune da Hakimi, tana tura masa ganyen zogalen da Ya Falmata ta miƙo, ɗaya-ɗaya, bayan ta murje shi da yatsa don ya yi laushi.

"Baba, da ka ce mini ba ka da lokaci, da na aika an roƙi Ya Falmata."

Ta sake tura masa wani ganyen, ta ci gaba:

"Kullum ina tambayarka, kullum kana cewa alayyahu. Ina kwance ina ganinsu a raina suna ci."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma taɓa faɗa muku ba.

Ranar Asabar na hau keke tun gari bai gama wayewa ba na nufi Dusuman. A can na sami wani mai lambu, dattijo siriri mai suna Ba Modu, yana jan ruwa da guga daga rijiyar da ya haƙa a busasshen kwari. Da na ce masa ganye nake so na ɓera, ya ajiye gugan ya yi dariya har da riƙe ƙugu. Da na ba shi labarin mai ɓeran da ciwonta, sai dariyar ta tsaya. Ya shiga cikin kunyoyin ya yanko mini alayyahu da ganyen dankali da koren tattasai, yana zaɓar wanda ƙwaro bai taɓa ba. Daga ranar, duk bayan kwana biyu ina hanyar Dusuman kafin makaranta. Ganyen da ya rage mu naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu mu ajiye a gindin randa. Cikin mako biyu Hakimi ya fara tauna da kansa, cikin wata guda ya tashi yana yawo, ko da yake ƙafar baya ɗaya ba ta sake miƙewa daidai ba.

Na ɗauka da wannan na biya. Ban biya ba. Saratu ba ta daina girmama ni ba, tana gaishe ni, tana yi mini dariya, tana karɓar ganyen da hannu biyu. Amma na lura da wani abu da ba wanda ya lura da shi sai ni da mahaifiyarku. Duk lokacin da na faɗa mata wata magana mai daɗi, ko na ce likita ya ce jininta ya ƙaru, ko na ce baɗi za ta koma aji ɗaya da sa'o'inta, sai idonta ya zame daga fuskata ya koma ta uwarta, tana neman tabbaci. Da can in na ce mata za ki warke, ciwon ma kamar raguwa yake yi. Wannan ne kaɗai maganin da nake da shi a matsayina na uba, ni kuma na zubar da shi a kan kwanon dusa.

Bayan shekara guda, da farkon damina, ciwon ya dawo. Wannan karon ƙirji ne da zazzaɓi tare. A kwana na tara likita ya kira ni ofishinsa ya ce sun yi iya yinsu, zuciyarta ta gaji, mu shirya. Na fito baranda. La'asar ce, an yi yayyafi, ƙasa tana ƙamshi. Da na shiga, mahaifiyarku ta fita ɗebo ruwa, ba wanda Saratu za ta duba sai ni. Ta ce, muryarta can ƙasa:

"Baba, me likita ya ce? Kada ka ce mini alayyahu."

Bakina ya riga ya haɗa amsar da na saba. Na haɗiye ta. Na zauna a bakin gadon na riƙe hannunta, na ce:

"Ya ce ba su da sauran abin yi, Saratu. Ya ce zuciyarki ta gaji. Mai yiwuwa kwanaki kaɗan ne."

Ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga kunnenta. Na zaci na kashe ta da bakina. Can sai ta matse yatsuna.

"Na sani tun shekaranjiya. Kowa sai ce mini yake da sauƙi, ni kaɗai nake ta jin tsoro. Yanzu ka zauna tare da ni."

Na zauna. Na yi mata addu'a, ta ce in yi da yarenmu na gida, na yi. Ta tambaye ni ko akwai zafi a mutuwa, na ce ban sani ba, ta gyaɗa kai, ta yarda. Kwana biyu ta ƙara. A cikinsu duk abin da na faɗa mata, fuskata take kallo.

Muka binne ta ranar Laraba. Mutanen coci suka cika tsakar gida da ƙofar gida, maƙwabtanmu Musulmi suka shimfiɗa tabarminsu a zaure suna karɓar gaisuwa tare da mu. Ya Falmata ce ta riƙa ciyar da Hakimi a kwanakin, ba wanda ya sa ta. A rana ta huɗu da hantsi, muna zaune, sai na hango wani dattijo yana tahowa daga bakin layi, ƙafafunsa duk laka, da ƙunshin ganye a ka, yana tambayar mutane gidan malamin makaranta mai keke. Ba Modu ne. Bai taɓa zuwa gidanmu ba. Ya iso yana murmushi, ya fara magana tun kafin ya sauke kayan:

"Malam, kwana da yawa ban gan ka ba. Na ce abin nan zai ji yunwa."

Sai ya ga tabarmi, ya ga mata da jajayen idanu. Murmushin ya ɓace. Ya sauke ƙunshin a hankali.

"Wa ya rasu?"

Na ce, "Mai ɓeran."

Ya cire takalmansa ya zauna a gefen tabarma, ya ɗaga hannu ya yi addu'a irin tasu, ya shafa.  Sannan ya ce shekara guda yana yanka mata ganye, yana zaɓar mai kyau, bai taɓa ganin fuskarta ba. Mahaifiyarku ta ji daga ƙofar ɗaki. Ta shiga ta ciro hoton nan da ke rataye a falon Yakubu yanzu, wanda Saratu take sanye da farar rigar Kirsimeti, ta miƙa masa. Ya goge hannuwansa a rigarsa kafin ya karɓa. Ya kai shi kusa da ido, ya nisantar, ya sake kusantarwa.

"Ashe ƙarama ce," in ji shi. "Yadda kana faɗin dokokinta, na ɗauka babbar mace ce."